Zarto Ba Ya Kashe Allon Zamiya

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe duwatsu wata huɗu ko biyar a shekara, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu wasan zamiya. Cewa ake yi duk wanda ya ɗauki zarto ya tsaga allonsa biyu da hannunsa a gida, to ya yi asarar allon, ya kuma sayi haɗari da kuɗinsa. Masu shagunan kayan wasa na faɗar haka, ƙwararru da dama na faɗa, sababbin shiga ma sun ji sun riƙe. Ina girmama masu wannan ra'ayi, domin yawancinsu abin da suka gani suke faɗa. Sun ga allo ya sha ruwa ya kumbura ya ɓare, sun ga noti ya fizge a tsakiyar dawa ya bar mai shi da tafiyar ƙasa cikin sanyi. In suka ce araha ba ta ado, suna da hujja. Amma duk da haka ina ganin hukuncin da suka yanke ya wuce hujjar da ke hannunsu, kuma ya karkatar da tsoron mutane daga inda ya kamata ya zauna.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba, bari in siffanta shi. Allon zamiya falanki ne guda, tsawonsa kamar santimita 150 zuwa 165 ga babban mutum, faɗinsa a tsakiya kamar santimita 25. Mutum kan ɗaure ƙafafunsa biyu a kai, ya tsaya a kaikaice, ya gangaro daga tudu. Wajen gangara a kan dusar da ta zubo cikin dare tana nan da laushinta, da wuya a sami abin da ya kama ƙafarsa. Hawa ne ke ba shi kashi. Wanda ƙafafunsa biyu ke ɗaure a katako ɗaya ba shi da damar yin ko taku ɗaya. A filayen wasa da ake biyan kuɗi akwai kujeru masu tafiya a jikin waya da ke kai mutum ƙololuwa. To amma mai son shiga dawa, inda babu waya babu inji, sai dai ya goya allonsa ya dinga nutsewa cikin dusar har gwiwa, wani wurin har ƙugu. Masu siki kuwa, wato masu falankai biyu sirara, ɗaya a kowace ƙafa, tuni sun wuce shi suna jan ƙafa a sama-sama.

Dabarar da aka fito da ita ita ce a raba allon a tsaye daga kai har wutsiya, ya zama ɓari biyu. Lokacin hawa kowace ƙafa ta ɗauki ɓari guda, maɗaurin ya kama yatsu ya bar diddige yana ɗagawa. In an kai ƙololuwa sai a haɗa ɓarin biyu da ƙugiyoyi, a mayar da maɗauran ƙafa a gicciye, allo ya koma guda. Abin da ke hana mutum zamewa baya lokacin hawa wani ƙyalle ne mai gam da ake mannawa a ƙarƙashin kowane ɓari. Fata suke ce masa, domin a da can da fatar wata dabbar teku ake yinsa. Yanzu da gashin akuyar Angora ake saƙa shi, ko da nailan, ko a gauraya su. Duk wanda ya taɓa shafa bayan akuya ya san hannu na sulɓewa in ya bi kwanciyar gashi, yana cijewa in ya juyo. Haka fatar nan take yi da dusar ƙanƙara.

Masu cewa allon kirki sai na masana'anta sun manta daga inda abin ya fito. Shi kansa allon zamiya ɗan gida ne. A ranar Kirsimeti ta 1965 wani injiniya mai suna Sherman Poppen, a garin Muskegon na jihar Michigan a Amurka, ya haɗa siki biyu na yara wuri guda ya ba 'ya'yansa mata su yi wasa. A 1977 Jake Burton Carpenter ya fara ƙera nasa allunan da hannu a garin Londonderry na jihar Vermont, kuma daga nan kamfanin Burton ya taso. Allo mai ɓari biyu ma haka ya zo. A farkon shekarun 1990 wani matashi mai yawon duwatsun Wasatch a jihar Utah, Brett Kobernik, ya tsaga allo da hannunsa ya ɗaure shi da 'yan ƙarafan da ya samu. Ya kai wa Mark Wariakois, mai kamfanin Voilé da ke birnin Salt Lake City, ya gani. A 1994 kamfanin ya fitar da kaya kasuwa, kuma abin da ya fitar ƙunshi ne na ƙugiyoyi da notuna da takardar awo, domin mutum ya je gida ya tsaga nasa allon da kansa. Mutanen da suka fara buɗe hanyoyin dawa da wannan dabara, da yawansu da allunan da suka yanka a garejin gidajensu suka buɗe su. Kamfanin Spark R&D da ke Bozeman a jihar Montana, wanda ya shahara da maɗauran ƙafa na musamman domin irin wannan allo, sai a 2006 ya kafu. Fim ɗin ɗan wasan zamiya Jeremy Jones mai suna Deeper, wanda ya jawo hankalin jama'a da yawa zuwa hawan dutse da ƙafa, sai a 2010 ya fito. Kafin duk wannan, zarton gida na nan yana aiki.

Na san za a ce tarihi ba hujja ba ne, mutanen farko sun yi haka ne don babu zaɓi. Gaskiya ne. Saboda haka mu bar tarihi mu leƙa cikin allon, mu ga me zarto ke lalatawa, me kuma yake bari.

Allon zamiya hawa-hawa ne. A tsakiya akwai katako marar nauyi da aka jera sala-sala a tsaye daga kai zuwa wutsiya. Sama da ƙasansa an shimfiɗa saƙar zaren gilashi da aka jiƙa da gam ɗin efoksi. A can ƙasa akwai roba mai santsi wadda ke taɓa dusar, a kewaye kuma akwai siririn ƙarfe mai kaifi wanda ke cizon ƙanƙara in an karkata allon. Abin lura shi ne yawancin ƙarfin allon a tsaye yake tafiya, kuma zarton ma a tsaye yake bi. Wanda ya yanke allo a gicciye ya kashe shi, babu gardama. Wanda ya tsaga shi a tsaye ya bi layin katakon ne, kowane ɓari na nan da lanƙwasarsa da tsalle-tsallensa. Masana'anta ma ɓari biyu take sayar maka. Bambancin shi ne ita ta toshe bakin tsagar da roba ta kuma sa masa ƙarfe tun wajen ƙira. Wannan bambanci na gaske ne, zan kuma dawo kansa.

Akwai allunan da bai kamata zarto ya kusance su ba, kuma ina zargin yawancin labaran ɓarna daga nan suke fitowa. Allo mai araha wanda cikinsa soso ne mai tauri maimakon katako ba ya riƙe noti. Wanda aka cika masa ciki da ramuka irin na saƙar zuma don rage nauyi shi ma haka. Allunan Burton masu doguwar kwata a tsakiya, da tsofaffinsu masu ramukan noti a kan layin tsakiya, suna sa ƙarfe daidai inda zarto zai bi. Abin da ake nema shi ne allo mai cikin katako zalla, wanda ramukan notinsa suke layi biyu da tazarar santimita 4 tsakaninsu, domin zarto ya ratsa ta tsakiya bai taɓa ko ɗaya ba. Ya kasance mai ɗan tauri, tunda tsagawa na rage masa ƙarfin jure murɗawa, ya kuma ɗan fi tsawon wanda mutum ya saba hawa, tunda a dawa akwai jaka a baya kuma dusar na da zurfi. Wanda ya tsaga allon da ya riga ya fara ɓarewa, ya je ya wahala, ya dawo yana cewa dabarar ba ta da kyau, bai yi wa dabarar adalci ba.

Shi aikin kansa ba ya neman wata baiwa, natsuwa yake nema. A kwantar da allon a kan benci, a manna tef ɗin takarda a tsawon tsakiyarsa. A auna faɗinsa a wurare da yawa, kusan kowane taƙi ɗaya, a raba biyu a ɗiga fensir. In an ja layi ya kamata ya ratsa tsakanin layukan notin nan biyu daidai wa daida. In bai ratsa ba, awon ne da kuskure, a goge a sake. Nan ne ake cin lokaci, kuma nan ne ya kamata a ci shi. Kafin a kunna inji sai a ɗauki zarton ƙarfe na hannu a yanke ƙarfen bakin allon a kai da wutsiya, domin haƙoran zarton lantarki in suka ci karo da shi suna iya fizgo shi daga jikin allon ko su kakkarye. Sai a danne allon ya kwanta sosai, a ɗaure wani miƙaƙƙen falanki a gefe wanda zarton zai jingina da shi, a sa ruwan zarto mafi siranta da aka samu, wanda ba ya cin fiye da kamar milimita 2. A rufe hanci da baki, a sa tabarau, a sa riga mai dogon hannu. Ƙurar zaren gilashi fara ce mai laushi, tana sa ƙaiƙayi a fata kwana guda, a huhu kuma ba a son ta ko kaɗan. Da an tura zarton, ƙara za ta cika ɗaki, warin ƙonannen gam ya tashi, kafin minti biyu allo ya zama biyu a kan benci. In ka ɗaga ɓari ɗaya ka dubi gefensa za ka ga katakon fari tas, da siraran layukan gilashi sama da ƙasa. Wanda hannunsa ke rawa da zarto na iya kai allon wajen masu yanka da matsattsen ruwa, su yanke masa layi mai tsabta wanda ya fi na zarto siranta.

Wannan farin katako da ya bayyana shi ne wuri na farko da masu suka ke da gaskiya. Ruwa abokin gabansa ne. Dusar na narkewa da rana ta shiga katakon, da dare ta daskare, ruwa kuwa in ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Yau da gobe sai ya ɗaga gilashin daga jikin katakon. To amma maganin sananne ne, masu ƙera kwalekwale sun daɗe da saninsa. A goge gefen da samfefa, a shafa efoksi marar kauri wanda katako zai sha, a bar shi ya bushe sarai a ɗaki mai ɗumi, a sake gogewa a sake shafawa, har sau uku ko huɗu. Kowane rami da aka huda shi ma a ɗiga masa gam kafin noti ya shiga. Wannan aikin kwanaki ne, kuma yawancin kwanakin na jira ne. Wanda ya tsaga allo ranar Alhamis don ya hau dutse ranar Asabar ya manta ba a fafe gora ranar tafiya, kuma allonsa ne zai kumbura a kawo shi shago a matsayin shaida.

Huda ma tana da nata ƙa'idar. Kafin a huda ramukan ƙugiyoyi sai an matse ɓarin biyu sun haɗu ƙam, domin a rufe gurbin da zarto ya ci. Allon zai rage faɗi da milimita biyun nan, abin da ƙafa ba za ta taɓa ji ba. Ƙarfen da maɗaurin ƙafa ke lilo a kansa lokacin hawa ana kafa shi ne kusa da inda ɓarin ke daidaita in an ɗora shi a kan yatsa, domin kansa ya dinga ɗagowa da sauƙi in za a juya a kan gangare. Wurin nan ne ke shan wahala mafi yawa, dubban taku a wuni, don haka sukurun da aka murɗa cikin katako kawai ba ya isa. Noti mai faffaɗan kai ake shigarwa ta ƙasan allon, a fafe masa gurbi daidai yadda kansa zai nutse, a cike saman da efoksi a kankare ya yi daidai da robar. In aka fafe da zurfi, katakon da ya rage ba zai riƙe ba, wata rana notin ya ɓullo ta sama. Ana kauce wa wannan da naɗa ɗan tef a jikin bakin mahudi don ya nuna inda za a tsaya, da kuma gwadawa a kan wani guntun katako tukuna.

Yanzu sai wurin da ba ni da amsar da za ta rufe bakin kowa, wato rashin ƙarfe a bakin tsagar. Lokacin hawa ana musanya ɓarin ne, na dama ya koma hagu, domin kada ƙugiyoyin su dinga karo da juna. Hakan na sa miƙaƙƙen gefen da aka yanka ya koma waje. In mutum yana ratsa gangare a kaikaice, ƙafarsa ta ƙasa na cizon dusar da asalin bakin allon mai ƙarfe, ƙafarsa ta sama kuwa da gefen da aka yanka take cizo. A dusa mai laushi babu wanda zai lura. A gangaren da iska ta daka ya yi tauri, ko da sassafe a ƙarshen lokacin sanyi da saman dusar ya daskare ya zama ƙanƙara, ƙafar sama za ta dinga sulɓewa, kuma in akwai kwazazzabo a ƙasa wannan ba abin wasa ba ne. Akwai wasu haƙoran ƙarfe da ake sawa a ƙarƙashin maɗaurin ƙafa domin irin wannan wuri, suna taimakawa ƙwarai. Akwai kuma masu hannu da ke fafe gefen su dasa masa ƙarfe da kansu, amma wannan aikin gwanaye ne, ba zan ce kowa ya gwada ba. Saboda haka mai niyyar hawan manyan duwatsu masu tsauri, irin na Alps a Turai a lokacin da ƙanƙara ta yi ƙarfi, ya sayi na masana'anta, kuma zan faɗa masa haka da bakina. Abin da nake musu a kai shi ne a ɗauki buƙatar wannan mutum a ɗora wa kowa. Mai yawo cikin itatuwa a duwatsun Utah, ko a tsibirin Hokkaido na Japan inda dusar ke zuba da laushi mako bayan mako, yana iya shekaru bai taka wurin da zai nemi ƙarfen nan ba.

Wajen gangara kuwa, gefen da aka yanka yana tsakiya a ɓoye, bakin allon na waje mai ƙarfe yana nan yadda masana'anta ta yi shi. Allon zai ɗan fi laushi wajen murɗawa, a kan ƙanƙara mai tauri kuma za a ji yana kakkarwa. Amma na masana'anta ma ba ya kai allo guda cur a wannan fanni, tunda shi ma ƙugiyoyi da maɗauran ƙafa ne ke riƙe da shi. Mutumin da ya tsaga allon da ya shekara biyar yana hawa yana da wata riba da ba a sayarwa a shago, ya riga ya san halin allonsa.

Batun kuɗi na so a yi shi da gaskiya, domin magoya bayan zarto ma sukan zuzuta. Sabon allo mai ɓari biyu na masana'anta yakan kai dala 600 zuwa 1,000, wani ya wuce. Ƙunshin ƙarafan tsagawa a gida kuwa, a shekarun baya an daɗe ana sayar da shi ƙasa da dala 200. Fata da sandunan dogarawa dole ne a saya ko ta wace hanya aka bi. In mutum na da tsohon allo mai kyau a jingine, kuma yana da kayan aiki ko maƙwabcin da zai ara masa, ribar a fili take. In kuwa sai ya sayi allo, ya sayi zarto, ya sayi mahudi da gam, to ya tsaya ya yi lissafi. Tun bayan 2010 kamfanoni da yawa sun shiga ƙera irin wannan allo, kuma bayan da annobar korona ta sa aka rufe filayen wasa a watan Maris na 2020 mutane sun yi rububin sayen kayan shiga dawa. Wasunsu sun gwada sun ga wahalar hawa sun sayar, don haka na hannu ya yawaita. Wanda ya sami na hannu mai kyau da araha ya saya, babu laifi. Sai dai a tuna allon zamiya abu ne da aka narka katako da gilashi da roba da ƙarfe wuri guda da gam, raba su don a sake sarrafa su na da wuya ƙwarai, yawanci bola ce makomarsa. Allon da zai ƙara shekaru yana aiki ya fi wanda aka jefar.

Abin da ya fi damuna da wannan ra'ayi shi ne kalmar haɗari da ake liƙa wa allon gida. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da ke kashe mutane a dawa zaftarewar dusar ƙanƙara ce. A Amurka takan ci rayuka kamar 25 zuwa 30 a kowane lokacin sanyi, a duwatsun Alps kuma kusan 100. Yawancinta na faruwa ne a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, wato daidai gangaren da ya fi daɗin zamiya. A kusan kashi 90 cikin 100 na haɗurran, wanda abin ya rutsa da shi ko wani abokin tafiyarsa ne ya tayar da ita da nauyinsa. Dusar da ta binne mutum takan daskare da zarar ta tsaya, ko yatsa ba ya iya motsawa. Binciken da aka yi a Siwizalan ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tono cikin minti 15 na farko suna rayuwa, amma in aka wuce minti 35 bai fi kashi ɗaya cikin uku ke fitowa da rai ba. Jami'an ceto ba sa isowa cikin wannan lokaci. Abokan tafiya ne ke tono mutum, in sun iya. Maɗaurin allon zamiya kuma ba ya sakin ƙafa da kansa yadda na siki ke yi, kuma wannan gaskiya ce ga allon gida da na masana'anta baki ɗaya.

A ranar 20 ga Janairu 2003 zaftarewa ta kashe mutum bakwai a yankin Durrand, kusa da garin Revelstoke a Kanada. Cikinsu akwai Craig Kelly, wanda ya ci kambun duniya na wasan allon zamiya sau huɗu, ya bar gasa ya koma yawon dawa, yana kuma koyon aikin jagoran masu hawan dutse. Ya daɗe yana tare da kamfanin Burton, babu wanda zai ce ya rasa allo mai kyau ko ƙwarewa. Na kawo shi ne da girmamawa, domin a ga girman abin da ake fuskanta. Shi ma Brett Kobernik, wanda ya tsaga allon farko a Wasatch, aikin da ya kama daga baya shi ne hasashen zaftarewa a cibiyar da ke wannan aiki a jihar Utah.

Tsorona shi ne matashi mai ƙaramin ƙarfi ya ji ana cewa allon gida haɗari ne, ya tattara duk abin da ya tara ya sayi allo mai tsada, ya fito shago yana jin ya sayi kariya. Alhali bai sayi na'urar neman wanda dusa ta binne ba, wadda kowane matafiyi ke ratayawa a ƙirji tana aika sigina a kan zangon kilohaz 457. Bai sayi shebur na ƙarfe ba, bai sayi doguwar sandar da ake sokawa a dusa don gano mutum ba. Bai biya kuɗin kwas na 'yan kwanaki ba, inda ake koya wa mutum karanta gangare da tono abokinsa. Bai san cewa sanarwar haɗari da cibiyoyi ke fitarwa kullum tana da mataki 1 zuwa 5 ba, balle ya san cewa mafi yawan mace-mace a mataki na 3 suke aukuwa, lokacin da abin bai kai ya tsorata mutane su zauna gida ba. In kuɗinsa ba zai ishe shi duka ba, na fi so in gan shi da tsagaggen tsohon allo da waɗannan kaya a jakarsa, da ilimin amfani da su a kansa. Masu shagon da ke hana shi zarto da kyakkyawar niyya suke yi, na yarda. Roƙona gare su shi ne su fara tambayarsa me ke cikin jakarsa kafin su tambaye shi wa ya yanka allonsa.

Wanda ya gama aikinsa kada ya nufi dawa kai tsaye. Ya fara kai allon filin wasa, ya yi wuni ɗaya ko biyu yana gangara da shi a haɗe inda akwai jama'a. Da yamma ya bi kowane noti da sukudireba, ya bi tsagar da yatsa ko zai ji inda ta buɗe ko inda gam ya tsage. Ya koyi rabawa da haɗawa a tsakar gida sanye da safar hannu mai kauri, har hannunsa ya haddace, domin a kan tudu iska na kaɗawa, yatsu na ƙagewa, ƙanƙara na cika bakin tsagar sai an kankare ta kafin ƙugiyoyi su yarda su shiga. A jakarsa kada a rasa 'yan notuna na ajiya, da sukudireba, da madauri mai ƙarfi wanda zai iya ɗaure ƙafa a jikin ɓari in wani ƙarfe ya karye nesa da hanya. Bayan kowace fita ya raba ɓarin ya jingine su a ɗaki su bushe. In lokacin sanyi ya wuce, ya goge gefen da samfefa ya sake shafa masa efoksi kafin ya ajiye.